Ɗakin Haya a Bagalam

Mai gida ya ce kada ƙusa ta taɓa masa bango.
To, na ji.
Sai na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙyaure,
na jera faya-fayan Inna Barira guda bakwai.
Wanda ɓera ya ci wa baki,
shi na sa a tsakiya.

Tsahara ta zo daga Yamai, wayarta cike da hotuna:
kujerun da mutum ke nutsewa cikinsu,
fitilu masu reto kamar nonon dabino.
Ta ce, Yaya, ɗakinki ba launi.
Na ce, jira la'asar.

Yadi uku na yanko a babbar kasuwa,
jika biyu da rabi bayan dogon ciniki,
shuɗi mai ɗigon ruwan ƙwai.
Nomau tela ya kalmashe bakin,
ko dala bai karɓa ba.
Tulun da na goyo daga Jiratawa
na kusurwa, bisa yashin gulbi,
yana gumi.

Da la'asar rana ta biyo ta labule,
ta kwarara shuɗi a ƙasa,
ta hau faya-fayan ɗaya bayan ɗaya,
ta tsaya kan tsagar da damina ta bari,
wadda na so rufewa da kalanda
na rasa inda zan rataye.

Tsahara ta kife waya bisa tabarma,
ta miƙe ƙafa,
ta sha moɗa biyu.
An ɗauke wuta tun ɗazu.
Sai da aka kira magariba muka lura.