Kwanon Ɗigo

Kafin ladanin Rafindadi ya gyara murya
ta riga ta ajiye mini a bakin ƙofa:
ɓera, an shimfiɗe shi tsaf a gefen takalmina.
Ta koma can tana lasar hannu
kamar wadda ta sauke tuwo.

Shekaranjiya jangwada ne, rabinsa.
Ran Talata fara biyu.
An yi ranar da fiffiken kurciya kaɗai na tarar,
ban tambayi inda sauran ya kwana ba.

Ni tela ne, shekara arba'in da ɗaya bisa keke.
Na san ladan ɗinki, na san tukuici,
na san goron da ake miƙo maka don ka ƙara haƙuri da bashi.
Wannan kyauta ce ban san sunanta ba.

Ɗanlami mai faci ya ce, kuɗin haya ne, Malam Ilu,
ai bisa buhun ƙyallayenka take kwana.
Inna Yalwa ta ce in sa tsintsiya, kada in taɓa da hannu,
mussa tana ganin abin da ba mu gani.
Mujittafa jikana, da ke karatun dabbobi,
sai da ya riƙe ciki don dariya.
Ya ce, Kaka, kada kanka ya kumbura, ba gaisuwa ba ce.
A idonta kai ɗan mussa ne,
ƙato, marar farce, mai nauyin ƙafa,
wanda uwarsa ba ta koya wa farauta ba.
Da matacce ake fara karatu.
Jira, mai rai na tafe.

Ran Juma'a kuwa ya zo.
Ta dire shi a gabana yana numfashi,
ta ja da baya, ta ba ni fili.
Ni da almakashi a hannu
sai ga ni tsaye bisa kujera ina salati,
ɓera ya bi ta ƙarƙashin keke, ya san inda dare ya yi masa.
Ɗigo ta dube ni.
Na gane kallon. Shi nake yi wa yaran shago
in sun yanka hannun riga a karkace.

Da dare na kasa barci, na yi ta lissafi.
Yaushe ta fara?
Lokacin da Tasalla ke nan ba ta taɓa kawo ko kiyashi ba.
Kan kifi take ci, da ƙanzo jiƙe da nono,
ta miƙe a bakin murhu kamar ita ta sayi itacen.
Ba ta fara ran jana'iza ba,
ba ta fara ran bakwai ba.
Sai bayan arba'in,
da kwanukan maƙwabta suka daina shigowa,
toka ta yi sanyi,
na koma shayi da burodi a Ƙofar Soro, a tsaye,
wata rana ma in manta.

'Ya'yana suna bugo waya, ina cewa lafiya lau.
Ita ba a yi mata lafiya lau.
Duk gidan nan ita kaɗai ke ƙirga lomata.

Mujittafa na iya yin gaskiya. Ɗanlami ma.
Ban san abin da ke cikin kan mussa ba,
na kaina ma da ƙyar.
Amma jiya na hura wuta.
Hayaƙi ya sa ni hawaye, na bar shi a kan hayaƙin.
Shinkafa da wake, ƙasan ya kama, gishiri ya zarce.
Na shimfiɗa tabarma, na zauna inda za ta gan ni,
na ci har na suɗe hannu,
na tura mata kan kifi.
Ta shinshina, ta daɗe kafin ta yarda.

Yau da asuba na leƙa bakin ƙofa.
Gyare ne guda ɗaya, ɗan ƙarami.
Ba ta sallame ni ba tukuna,
ta dai rage mudu.