Kunnen da Aka Dasa wa Jita

A Aboabo, bayan masu walda,
akwai wani shago da mutum biyu ba sa juyawa a ciki.
Nan Sallau yake zaune tsakanin gawarwakin rediyo,
tabarau ɗaure da zare,
warin dalma ya kama rigarsa, wanki ya gaza.

Na kai masa jitar Kawu Tanimu.
Shekara arba'in da 'yan kai tana magana a hankali,
muryar cikin ɗaki, muryar inuwar mangwaro.
Yanzu Kumasi ta yi baki:
janareta, hon ɗin torotoro, masu wa'azi uku a kwana guda.
Wa zai ji tsirkiya shida a cikin wannan?

Sallau ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa
kamar mai sayen kankana.
Ya ce itacen nan ya bushe da kyau.
Ya ce sai na huda ta.
Na kau da kai, na dubi titi,
amma kunne ba shi da marfi.
Na ji ƙarfen ya shiga.
Na ga garin itace a kan takalmina, ja-ja kamar yaji.

Sai ya ɗauko wani siririn abu,
bai kai tsinken tsire kauri ba,
ya ɗaga farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa,
ya kwantar da shi ƙarƙashi, ya mayar.
Fikof ke nan, in ji shi.
Ba ya jin iska, ba ruwansa da surutun kasuwa,
rawar jikin itace kaɗai yake ji.
Sai dai abin da ya ji raɗa ce,
in ka tura ta doguwar waya, a hanya za ta mutu.
Shi ya sa wannan ɗan akwatin,
shi ke ba ta koko ta sha kafin ta kama hanya.
Batir ɗaya, abin murɗawa uku:
na kauri, na tsakiya, na tsini.
Kada ka kwana da waya a jikinta,
kafin asuba ya shanye batirin.

Sidi ɗari uku da hamsin.
Na yi ciniki har na ji kunya, ya rage ashirin.

Da muka haɗa ta da lasifika sai ta ƙwalla ihu,
har mai wake da shinkafa ta toshe kunne da ludayi a hannu.
Sallau ya yi dariya:
muryar kanta ta ji, ta firgita.
Juya mata baya. Matsa taku uku.

Na taɓa.
Ga abin da ba a gaya mini ba:
ba kiɗa kaɗai yake ƙara wa girma ba.
Karcen farce, gogar maɓallin riga,
yatsan da ya makara,
duk kuskuren da na saba ɓoyewa cikin ƙarancin murya,
ga shi nan a fili, faɗin ƙofa.

Bayan la'asar na kai ta Asawase.
Kawu ya daina ji shekara shida ke nan,
sai dai a yi masa magana da hannu.
Na ajiye lasifikar kusa da tabarmarsa,
na kama tafinsa na ɗora a kan ragar.
Na kaɗa abin da ya koya mini ina ɗan shekara tara,
wanda babban yatsa ke gaba, sauran na biye.

Ya rufe ido.
Jijiyar bayan hannunsa tana motsi.
Na zaci hawaye ne zai biyo baya,
na ma fara shirya nawa.

Sai ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa uku,
ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa:
Ta ukun ta saki.
Ɗaure ta, ka sake daga farko.