Bayan Rasit

An ɗauke wuta a sito tun azahar.
Ruwan Ikko ya tsare ƙofa, ba shiga ba fita,
ni da Mista Ruan muna zaune kan kwalayen tayil
a Ojota, muna jiran sama ta yi haƙuri.

Ya gan ni ina rubutu a bayan rasit.
Ya ce, Sallau, wane lissafi ne wannan babu lamba?
Na ce labari ne.
Ya yi shiru har shayinsa ya huce,
sannan da guntun Turancinsa da guntun nawa
muka ɗaura wata gada mai rawa,
ya ƙetaro mini da wani mutum.

Kakarsa ce ta faɗa masa, bai rantse ba.
Wai a garinsu, shekara ɗari uku baya,
an yi wani ɗan gidan fataken gishiri,
an goye shi da alharini.
Sau bakwai ya shiga jarrabawar sarki
a ɗaki kamar akurki,
sau bakwai aka liƙa sunaye a bango,
ya karanta daga sama har ƙasa,
ya sake daga ƙasa har sama.

Arzikin ya tafi yadda gishiri kan tafi da damina:
gonaki, sai jiragen ruwa, sai ƙyauren gidan kansa.
Ya koma bayan rijiya, ɗaki guda,
yana rubuta wa mutane wasiƙa a auna masa shinkafa.
Da dare ya niƙa tawada kan dutse
ya kirawo duk waɗanda suka watse:
baffan da ya ci amana,
kukun da ke satar mai,
ƙanwar da ta rasu ba ta gama ɗinka takalminta ba.
Ya raɗa musu sababbin sunaye don kada a gane.
In sanyi ya daskarar da tawadar
sai ya hura mata numfashi.

Shekara goma sha huɗu.
Maƙwabta kan ari babi su kwafa,
su dawo da shi da maiƙo a gefe,
wani ko dawowa ba ya yi.
Bai sa sunansa ba.
Mai ƙaga labari, in ji kakar, ba a nuna shi a dangi.

Ya mutu saura babi tara.
Matar da ke ba shi gawayi bashi
ta kwashe takardun a bakin kuɗinta,
ta naɗe kifi da wasu.
Sauran ɗanta ya karanta, ya kasa barci.

Na ce, to, an buga?
Ya ɗaga kafaɗa. Kakata ta ce an buga.
Ta kuma ce ta taɓa gaisawa da aljanin kogi.

Ruwa ya tsagaita. 'Yan danfo suka ɗauki kira.
Ya miƙe ya koma maigida:
kwali arba'in zuwa Ikorodu, direba na jira.

Ban gaya masa ba, ni ma sau uku
na duba sunana a jerin masu shiga jami'a.
Ɗakina a Agege yana jingine da layin dogo,
jirgi in ya wuce sai biro ya zame.
Mahaifina na cikin littafina
yana awon gero da sunan wani.
Babi na sha ɗaya ya jiƙe bara,
na shanya shi kan igiya tare da singileti.

Washegari na tarar kan teburina
da sabon littafin rasit,
ba a shigar da shi lissafi ba.
Ruan bai ko dube ni ba,
yana waya da Apapa, yana faɗa kan kwantena.

Na juya shafin farko ta baya.
Fari fat.
Na ƙirga, ɗari biyu ne.
In na ƙanƙanta rubutu
zai kai ni har ranar da aka sayar da gonarmu.