Mai Gyaran Rufi a Legon

Ni daga sama na san jami'ar nan.
Wasu ta ƙofa suke shiga da takarda,
ni ta tsani, da jan tayil a kafaɗa.

Shekara talatin da ɗaya ina bin rufi
duk sa'ad da damina ta tona asiri.
Daga can ake gane nufin magini:
hanya ɗaya miƙaƙƙiya
tana hawa tudu a hankali
har ta dangane da hasumiya,
Ankara kuwa a ƙasa, shimfiɗe har bakin teku.
Wai sai ka yi haki kafin ka kai.
Na yarda. Gwiwata ma ta yarda.

Farin bango, in ji su, hasken sani ne.
To, ni na ga bayansa:
gansakuka, tsaga, gidan zanzaro.
Fari ba ya zama fari don kansa,
sai an biya wani ya shafa.

Tsakar gidajen ce ta fi kwanta mini,
baranda na kallon baranda,
kamar gidan hayarmu na Nima
in an ɗebe hayaniya da igiyar shanya.
Wanda ya zana, ko daga ina ya zo,
ya san rana ba a yi mata gardama,
inuwa ake nema.

Babana Gariba ya ɗauki yashi a nan
tun tudun yana jeji.
Ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba.
Wata Laraba na ɗaga tayil da ya fashe,
na tarar da sawun hannu a busasshen siminti,
ɗan yatsan tsakiya guntu.
Nasa ma guntu ne.
Ban ce nasa ne ba. Ban ce ba nasa ba ne.
Na dai ɗora tafina a kai,
na mayar da rufi.

Yau autata Fulera ke hawa matakala
cikin riga mai faɗin hannu.
Ta ce in sauko, in sa kaftani, in zauna a kujera.
Na zauna.
Ana ta jawabi, ana ta tafi,
kowa idonsa na kan dandamali,
nawa na kan silin, kusurwar hagu,
inda wani tabo ya fara faɗi.

Gobe da asuba, sai tsani.