Gefen Taya

Shekara sha tara ina faci a bakin tashar Kaltungo,
ƙarƙashin maina, daura da mai gyaran rediyo.
Bokona bai yi nisa ba,
amma miƙo mini taya, in gaya maka halin mai ita.

Ga ta Gidado nan a jingine.
Tsakiyarta ƙwal, kamar kan jinjiri ranar suna.
Gefenta kuwa, faɗin yatsa biyu hagu da dama,
zane yana nan daram,
har da 'yan gashin robar nan
da ta zo da su daga kanti.
Kwalta ba ta taɓa lasar wurin ba.

Samarin tasha suka gani, suka kwashe da dariya:
"Baba Gidado na shan kwana a miƙe
kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono!
Ka sayi taya guda, ka ci rabi,
ka bar wa tsoro rabi."
Shi dai ya gyara zaman hularsa,
ya biya ni kuɗin iska.

Kefas ne gwaninsu.
In ya hau Tula,
a kwanar nan da ta naɗe dutse kamar gammo,
yakan kwantar da mashin
har matakin ƙafa ya zubar da tartsatsi.
In ji shi.
Ran Asabar ya kawo mini tasa,
gefe fes, babu gashi ko ɗaya.
Na shafa da babban yatsa.
Kwalta in za ta ci roba, juyin wili take bi.
Wannan cin a gicciye yake,
ga garin sanfefa maƙale cikin zane.
Na dube shi. Ya dubi mai rediyo.
Na ce, "Iskar ta isa, ko in ƙara?"
Toshe huji aka koya mini,
ba a koya mini tonawa ba.

Wata Laraba cikin Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan,
Gidado ya sauko daga Tula,
Malama Rifkatu a baya,
akwatin allurar rigakafi a cinyarta.
Tifa ta yanko kwana, ta cinye hannunsa.
Dama dutse, gaba ƙarfe,
tsakani ɗan zirin kwalta, bai kai tabarma ba.
Bai damƙi birki ba.
Ya kafa ido inda yake so ya bi,
ya kwanta dama,
ya ƙara kwantawa,
har bakin zanen Malama ya share ciyawa.
Taya ta riƙe.

Malama ce ta ba ni labarin, tana yi tana dafe ƙirji.
Shi ya zauna kan tsohon wili,
ya karɓi ruwa,
kofi na kaɗawa a hannunsa, rabi ya zube a wando.

Na durƙusa wajen tayar baya.
Gefen dama ya yi baƙi, sumul,
gashin nan duk hanya ta aske.
Na hagu na nan tsaye cirko-cirko,
ba su san abin da ya faru ba.

Na ce, "Ashe ka iya."
Ya ce, "Ban sani ba ko na iya.
Na dai san akwai saura, shi na taka.
Da na cinye shi tun bara don a tafa mini,
yau me zan tarar a wurin?"

Kefas ya zo wucewa, ya tsaya.
Ya tsuguna kusa da ni, ba sallama,
ya ɗora yatsa kan baƙin zirin,
ya bi shi a hankali, yadda wili ke juyawa.
Ya daɗe.

Gidado ya ajiye kofi.
"Duba mini ta gaba ma.
Gobe akwai allura a Tula,
Malama ta ce ƙarfe bakwai."