Tike Biyu

A bakin zaure na biya dala ɗari-ɗari,
ni da kakata Kuluwa.
Ta jujjuya guntuwar takardar, ta ce,
"Damina goma sha ɗaya ina sharar gidan ga,
ba a taɓa ba ni takarda ba."

Ta tuɓe takalmi.
Nomau, mai yi mana jagora,
wanda ya yi lakwal a Tawa,
ya ce, "Inna, yanzu ba dole ba ne."
Ta ce, "Ƙafa ba ta san yanzu ba."

Zaure na farko, na biyu.
Tambari ya yi shiru har fatarsa ta tsage,
zanzaro ya yi gini a cikin hular kwano.
Inda fadawa ke faɗuwa gaisuwa
an ɗaura igiya ja,
an kafa fanka mai waige kamar dogari.

Nomau yana zuba sunayen sarakuna
kamar mai auna hatsi, tiya bayan tiya.
Ita kuwa rufi take kallo:
"Azarar can ke yoyo.
Nan nake tara kasko."

Sai ga akushi cikin gilashi,
baƙi, da ɗinki a gefe.
An rubuta da Faransanci
wai a ciki mai gari yake cin tuwo.

Dariya ta kama ta har ta dafa bango,
jan dutsen Adar ya shafa mata tafi.
"Na zabi ne!
A ciki nake jiƙa musu dusa.
Ni na fasa shi, ranar wata Laraba,
na ɗinke da dare kada a gani.
Duba, ɗinkin bahaguwa ne."

Nomau ya duba. Ya sosa ƙeya.
Ya zaro biro, ya mayar aljihu.

A littafin baƙi na ga Yamai, na ga Agadas,
na ga garuruwan da ban iya faɗa ba.
Na ce ta kawo a rubuta sunanta.
Ta ce yana ciki tuni,
an ma sa masa gilashi.

Da muka fito rana ta karkata.
Ta sa takalmi, ta tsaya,
ta dubi ganyen bedi da ya cika dandali,
ta tambaye ni a hankali
wa ke shara yanzu,
kuma nawa ake ba shi.