Zoben Albasa

Duk bayan kwana goma sha biyu yake ratsowa ta saman Aliero,
ba sallama, ba ban kwana.
Ba ya kallo da ido.
Kira yake jefowa, ya kasa kunne,
kamar mai sakin tsakuwa a rijiya don ya ji zurfinta.
Hadari bai tare shi, dare bai makanta shi.

Ni kuwa ina ɗakin gwaji, fanka ta mutu,
data ta ƙare mini sau biyu kafin hotunansa su sauko.
Na ɗora na Janairu a kan na Afrilu,
na ce wa manhaja: auna mini tsakaninsu.
Ta shiga lissafi, ta yi ta nuƙu-nuƙu har la'asar,
tana warware zango daga zango
kamar tsohuwa da zaren da kaji suka yamutsa.

Inda ganye ya tsiro, ta ce ba ta gane kowa ba,
sai tsaki-tsaki, kamar an watsa gero a kan allo.
Rufin kwano take yarda da shi, da kan gada,
da duk abin da ba ya sauya magana.

Sai zobba suka fito.
Ja, rawaya, shuɗi, su sake komawa ja,
ɗaya cikin ɗaya, guda uku,
sun kewaye bakin fadamarmu.
Kowane zobe bai kai gaɓar yatsa biyu ba.
Na ce ko raɓar sama ce ta ruɗe ta,
na sauya wata, na sake. Suna nan.

A nan na tuna ƙofar Inna Tumba
da ta daina rufuwa tun bara.
Sau biyu kafinta Bagudu yana fere ta,
yana zagin katako, katako bai yi laifi ba.
Na tuna tsagar da ke bangon zaure,
wadda muke cusa wa tsumma saboda kunama.

Ranar Juma'a na kai wa Baba Manu a gona.
Injin ban-ruwa uku na ta tari a jere,
kowanne da bakinsa a cikin ƙasa, yana tsotso.
Na buɗe kwamfuta a kan buhu, na kare ta da mayafina.
Ya daɗe yana dubawa.
Ya ciro albasa guda, ya tsaga ta da wuƙa,
ya ajiye rabin kusa da allon.

Ya ce, Luba, wagga ai tawa ta.
Mi ya kai ta sama?

Na ce, Baba, ruwan da ka ba ta ne,
ƙasa ke biyan kuɗinsa da tsayinta.

Bai ce ƙarya ba ne. Bai ce gaskiya ba ne.
Ya share wuƙar a gefen wando,
ya tambaye ni kuɗin makarantar Basiru na zango mai zuwa,
ko shi ma na'urar ta lissafa.

Ban da amsa. Idona ya kawo ruwa,
na bar shi ya ɗauka albasa ce.

Da magariba ya kashe inji ɗaya, biyu na aiki.
Saura kwana tara mai kiran ya dawo,
ƙasa kuma ba ta iya ɓoye masa komai ba.